Yarinyar da Murna Ke Kayarwa

Sunana Habu. Ƙuruciyata duk a kan kujerar tirela na ƙarar da ita, ina kwasar shanu daga kasuwanninmu na wajen Babura ina kai su kudu. Matata Hindatu ce ta matsa mini in rubuta wannan. Ta ce tunda bakina ba ya gajiya da ba fasinja labari, gara in ba takarda, ko wani uban zai amfana. Labarin 'yarmu Saude ne. Tana nan da ranta, alhamdu lillahi, amma mun sha wuya kafin mu san abin da ke damunta, kuma saura kaɗan rashin sanin ya raba mu da ita.

Duk direban doguwar hanya yana da abin da yake tunawa idan gajiya ta fara fizgarsa. Wani miyar gida, wani matarsa. Ni oyoyon Saude nake tunawa. Ina sauka daga mashin a bakin lungunmu na Kazaure, kafin in sallami mai acaɓa labari ya riga ya shiga gida. Sai in hango ta ta fito a guje, ɗankwali a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a zaure, tana "oyoyo Baba" har lungu ya ɗauka. Ba don tsaraba take gudun ba, domin sau da yawa a ƙasa take mance ledar burodin har akuya ta ja. Haka za ta maƙale mini a wuya, ni da warin shanu da baƙin mai, ta ce wai ƙanshin Baba ke nan.

Tana da shekara takwas, wajen ƙarshen damina, na dawo da la'asar. Ta taho kamar kullum, saura kaɗan ta iso ni sai ƙafafunta suka saki. Ba tuntuɓe ta yi ba. Zamewa ta yi kamar rigar da ta suɓuce daga ƙusa. Na ɗago ta, idanu a kafe, leɓɓa sun yi toka-toka. Hindatu ta sheƙa mata ruwan randa, maƙwabta suka cika zaure da salati. Can sai ta ja dogon numfashi, ta buɗe ido ta ce, "Baba, ka dawo?" Muka ce rana ce ta buge ta, muka ce ba ta ci abinci ba. Aka dama mata fura, magana ta wuce.

Dawowata ta gaba ta sake faɗuwa, wannan karon har da karkarwar hannu da fitsari a zani. Muka kai ta wani ɗakin shan magani. Mai dubawa yana jin an ce faɗuwa da karkarwa, bai ƙara tambayar komai ba ya ce farfaɗiya ce. Kalmar nan ta yi wa Hindatu nauyi. Ta san yadda mutane ke ja da baya da kwanon mai farfaɗiya, ta kuma san irin maganar da za a riƙa yi a bayan idonmu. Ƙwayoyin da aka ba mu suka kashe wa Saude jiki, kullum gyangyaɗi a aji. Faɗuwa kuwa ba ta fasa ba. Na sake tafiya na dawo, ta sake zubewa a gabana.

Mahaifiyata, Inna, tare muke zaune. Mace ce da ba ta yawan magana, amma ko allura ta faɗi a gidan nan ta san wanda ya yar. Ita ta kira ni ɗakinta.

"Habu, zauna. Ni dai na zuba ido. Yarinyar nan sai ta yi wata guda lafiya ƙalau. Ba ta faɗuwa sai ka dawo."

"To Inna, ni ne ciwon ke nan?"

"Ba kai ba ne, abin da ke biyo ka ne. Kana ratsa dazuzzuka da gadoji da wuraren da mutane suka mutu ba a yi musu salla ba, ka kwaso ka shigo mana da shi, ko ƙafa ba ka wanke ba."

Daga ranar aka kafa mini doka. Idan na dawo, iyakata zaure. Inna za ta fito da kasko da garwashi, ta zuba wasu saiwoyi da ƙaro, ta lulluɓe ni da bargo, in yi ta tari har idona ya yi jawur. Sannan in yi wanka in canza kaya. Duk tsawon wannan hidima Saude tana ɗaki a rufe, Hindatu tana tsefe mata kai ko ta ba ta tsintar shinkafa. Kafin a buɗe mata ta riga ta ji muryata, ta yi ɗoki har ta gaji. Sai ta fito a hankali ta rungume ni tana toshe hanci. Labari ya kai tasha, abokan aiki suka sa mini suna Habu Banda, kuma har yau wasu da shi suke kirana.

Abin da ya ɗaure mini kai, maganin ya ci. Rani guda cur Saude ba ta faɗi ba. Inna ta riƙa taku a tsakar gida kamar wadda ta ci zaɓe. Ni da nake yi wa abin kallon camfi, sai ga ni ina jawo bargon da hannuna. Muka watsar da ƙwayoyin farfaɗiya, muka ce Allah ya kawo sauƙi.

Ranar da hayaƙi ya ba mu kunya ina can kudu, ina jiran a sauke shanu. Hindatu ta kira, ina jin sallamarta na san ba lafiya ba. An raba sakamakon jarrabawa, an kira sunan Saude a gaban taron makaranta cewa ita ta zo ta ɗaya. Ta tashi da gudu za ta karɓi kyauta, ta zube a tsakiyar fili. Wannan karon ta daɗe ba ta dawo ba. Malaminsu ya ɗauke ta a mashin zuwa asibiti, Allah ya haɗa su da wata nas dattijuwa wadda ba ta tsaya neman kati ba. Ta sa abin saurare a ƙirjin yarinyar tun tana rabin suma, ta daɗe tana ji, sannan ta dubi Hindatu.

"'Yata, wannan ba farfaɗiya ba ce. Zuciyar nan a birkice take bugawa. Ku kai ta Kano a duba, kada ku ce sai gobe."

Har yau ban san sunan matar nan ba. Duk sallar da na yi sai na sa ta a addu'a.

Na bar motar a hannun wani abokin aiki na shigo ta haya. Makon farko a Kano layi muka sha. Layin kati, layin biya, layin ganin likita, kowanne da nasa mai tsawa. Aka manna wa Saude wayoyi a ƙirji, takarda ta fito, aka ce lafiya lau. Mako na biyu aka shafa mata wani mai sanyi aka haska zuciyar a allo, nan ma lafiya lau, har mai haskawa yana cewa tata ta fi tasa kyau. Aka duba kai, babu farfaɗiya. Ragon da nake kiwo don layya ya tafi, keken ɗinkin Hindatu ya bi bayansa, kuma duk takardar da muka saya sai ta ce mana 'yarmu ba ta da komai. Raina ya ɓaci. Na ce wa Hindatu mu koma wa bargon Inna, shi ko ba komai ba a bin layi.

"Baban Saude," in ji ta, "bargon yana gida ranar da ta faɗi a makaranta, kai kuma kana kudu. Ni ba inda za ni."

A mako na uku aka tura mu wajen likitan zuciya, wani siriri mai furfura a gemu, wanda ba ya sauri a komai. Ranar har Inna ta biyo mu. Ya ture takardun gefe ya ce mu faɗa masa abin da yarinyar take yi kafin kowace faɗuwa, ɗaya bayan ɗaya. Muka yi ta lissafawa, mu da kanmu muka ji amsar tana maimaituwa: tana gudu, tana murna. Inna ba ta bari an rufe zancen ba sai da ta kawo maganar hayaƙinta. Na sunkuyar da kai ina jiran dariya. Bai yi ba.

"Hajiya, lokacin da ake yi masa hayaƙin, ina yarinyar take?"

"Tana ɗaki a rufe."

"Har yaushe?"

"Har ta gaji da jira."

"To kin yi magani, Hajiya. Sai dai ba garwashin ne ya yi aikin ba, jiran ne."

Ya sa aka ɗora Saude a kan wani inji da ake gudu a kansa ba a zuwa ko'ina, wayoyi a ƙirjinta, ma'aikata a tsaye da kayan aiki a shirye. Ita daɗi ma take ji. Zanen bugun zuciyarta yana tafiya a allo a jere. Tana ƙara sauri sai na ga ya fara tsalle, wani sama wani ƙasa. Likita ya ɗaga hannu aka kashe injin. Ko gumin kirki ba ta yi ba, tana cewa a ƙara mata.

Ya zaunar da mu ya yi bayani da Hausa, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce naman zuciya da naman hannu da ƙafa duk ba sa motsi sai da wani sinadari mai suna kalsiyam. A cikin kowane ɗan zaren nama akwai rumbun da ake tara shi. Duk bugu ɗaya, ƙofar rumbun za ta buɗe ya fito, nama ya matse, sannan a kwashe shi a mayar, nama ya saki. Masu wannan aiki wasu furotin ne, wani yana riƙe da shi a cikin rumbu, wani shi ne ƙofar, wani shi ke mayarwa. Ya faɗi sunayensu, ban riƙe ko ɗaya ba sai wani kalsikwes-wani-abu.

"A zuciyar Saude rumbun ne ba ya riƙewa da kyau," in ji shi. "Ko ƙofar ce, ko mai riƙon, sai wani gwajin jini da ba ma yi a nan zai bambance, amma maganin ɗaya ne. Idan tana zaune babu matsala, shi ya sa duk gwajinku ya fito lafiya. Amma idan gudu ko tsoro ko murna ta zo farat ɗaya, sai rumbun ya yi yoyo ba a lokacinsa ba. Bugun ya rikice, jini ya kasa isa kai, ta faɗi."

"To ƙafafunta fa, likita? Ka ce su ma suna da rumbun."

"Nasu irin daban ne, kuma lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa take da gudu. Malam Habu, ba zan ɓoye maka ba. Duk faɗuwar da ta yi ta tashi, zuciyar ce ta gyara kanta. Ba kullum take gyarawa ba."

Sannan ya tambaya ko a danginmu wani ya taɓa mutuwar farat ɗaya yana yaro, a wajen wasa ko a ruwa. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ji Inna ta ce, "Yakubu." Ƙanena ne. Ya nutse a dam ɗin Kazaure muna yara, ranar da suke tseren iyo, alhali duk unguwarmu babu wanda ya kai shi iya ruwa. An ce mutanen ruwa ne suka ja shi, kuma Inna ta yi shekaru ba ta bin hanyar dam. Likita bai ce lallai ciwon nan ne ya kashe shi ba, ya dai ce abin yana bin jini. Ni ma aka ɗora ni a kan injin da tumbina, ba a ga komai ba, ya ce hakan bai wanke ni ba. A motar komawa Inna tana kallon taga har muka wuce Ɗambatta. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe ba wanda ya ja shi. Yana cikin jin daɗinsa ne."

Muka dawo da ƙwayar da ke hana zuciya zabura, da gargaɗin kada a tsallake ko sau ɗaya. Ban da tsere, ban da iyo, ban da tsoratarwa. Likita ya koya mana yadda ake danna ƙirji idan ta faɗi ba ta numfashi, ya ce a ƙyale ruwan randa a randa. Ya ƙara da cewa, "Ban ce a hana ta dariya ba. Yarinya ce."

Labari ya isa Roni wajen surukata Dada, Bafulatana mai shanunta. Abin da ya kai kunnenta kawai shi ne kalsiyam, wani kuma ya ce mata a nono ake samunsa. Sai ga ta niƙi-niƙi da ƙwaryar kindirmo. Ba ta gama saukewa ba wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ai yawa ya yi wa yarinyar tunda har yana yoyo, a hana ta nono gaba ɗaya. Tsofaffin nan biyu suka kusa ba hamata iska a tsakar gidana. Da muka koma asibiti na tambaya, likita ya ce ba ƙaranci ba ne ba kuma yawa ba, ta sha nononta. Dada ta ɗauka ita ta yi nasara. Har yau kindirmo bai yanke mana ba, kuma rabinsa cikina yake tafiya.

Wahalar gaske a gida muka same ta. Duk da abin da likita ya ce, tsoro ya sa muka wuce gona da iri. Aka hana albishir a gidan. Kayan sallarta sai an fara nuna mata ƙyallen, sannan a ce an kai ɗinki, sannan a ce an kusa gamawa. Dawowata kuwa tun ina hanya ake fara gutsura mata: Baba ya taso, Baba ya wuce Zariya, Baba yana Kano, kamar ana ba majinyaci kunu da cokali.

Akwai wata dawowa da ba zan manta ba. Na yi sallama ƙasa-ƙasa kamar mai zuwa ta'aziyya. Saude tana zaune a tabarma, Hindatu ta riƙe gefen zaninta. Ƙafafunta suna rawa, yatsunta suna tonon ƙasa, ta dafe ƙirji da hannu ɗaya. Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," kamar wata baƙuwa. Sai kuma ta ce jiri take ji. Muka kwantar da ita, abin ya wuce, ba ta suma ba. Ni kuwa na koma zaure na zauna, na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar mahaifina.

A zauren nan na yanke shawara. Muddin ina tafiya ina daɗewa, dawowata biki ce a wajenta, kuma bikin nan zai iya kashe ta. Wanda ake gani kullum ba a yi masa gudu. Na mayar da makullin tirela, mai motar ya ce na samu taɓin hankali. Na karɓi wata tsohuwar bas ina Kazaure zuwa Babura, ranar kasuwa in leƙa Roni ko Gwiwa, in kwaso masu buhunan gero da masu canjin sefa, in kwana a gida. Samu ya ragu, ba sai na faɗa ba. Maganin ma wani watan sai na zaga kemis-kemis har Kano kafin in samu, ina tafe ina zagin duk wanda ya sa abin da rai ya dogara a kansa yake ɓacewa a kasuwa.

Tun daga lokacin Saude ba ta sake faɗuwa ba. Ta shiga sakandare, tana shan ƙwayarta da kanta, muna komawa Kano a duba ta. A hankali muka saki jiki, dariya ta dawo gidan. Abin da nake roƙon duk mai karanta wannan shi ne, idan yaronka ya faɗi yana cikin gudu, ko murna, ko firgita, kada ka tsaya a kan rana ce ko iska ce. Ka ce a duba zuciya. Idan aka duba yana kwance aka ce lafiya, ka faɗa wa likita abin da yake yi lokacin da ya faɗi, ka kuma tuno waɗanda suka tafi farat ɗaya a danginku. Mu babu wanda ya tambaye mu wannan sai a mako na uku.

Amma ba zan yi ƙarya ba, ina kewa. Idan na ga 'ya'yan maƙwabta sun kwasa a guje sun tari ubansu, kawar da kai nake yi. Abin da na nema na samu, na zama kamar randar tsakar gida, kowa ya san tana nan, ba mai waiwayarta. Wani lokacin ina tuƙi sai in ji wuyana yana neman nauyin hannuwan nan, har in kai hannu in shafa.

Kwanan baya na dawo da yamma, na ajiye bas a ƙofar gida na shiga. Saude tana bakin ɗaki tana aikin makaranta. Ta ce, "Sannu Baba," ko kai ba ta ɗago ba. Na dubi Hindatu na ce, cikin irin wasan nan mai gaskiya a ciki, "Gidan nan yanzu kaza ma ta fi ni samun maraba."

Saude ta ajiye biro.

"Baba, ka zaci ba na murna?"

"Wasa nake yi, Saude."

"Tun daga kwanar masallaci nake jin bas ɗinka. Salansarta ta fashe, duk garin nan ba mai irin ƙararta. Da na ji sai in zauna, in dafa nan, in fara murnar tun daga can, kaɗan-kaɗan. Kafin ka yi sallama na gama. Kullum sai na yi. Wata ran dai kana saurin isowa, shi ne nake sunkuyar da kai in ƙarasa."

Hindatu ta juya ta kama juya miyar da ba ta buƙatar juyi. Ni kuma na ce a ba ni ruwa.

Na daɗe ina niyyar kai salansar nan wajen mai walda. Na fasa. Tun daga ranar, idan na karyo kwanar masallaci sai in sauke giya zuwa ta ɗaya, in taho a hankali, masu mashin suna ta danna mini hon a baya. Su yi ta dannawa. Saude ba ta gama ba tukuna.